Al'adata tana wasa da ni, an kawo min maganin Indiya, in sha?

Slm Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 27, ina da aure da yaro ɗaya, na yaye shi tun bara. Matsalata al'ada ce, da can duk wata take zuwa amma yanzu sai ta ga dama, wani sa'in sai na haura wata biyu shiru, in ta zo ma ɗan kaɗan ne baƙi-baƙi, lissafin sallah da ramuwar azumi duk ya rikice min. Ga ƙiba na ƙara ga ƙuraje a fuska kamar wata budurwa. To yayar mijina ta raka mamansu asibiti a Indiya shi ne ta zo min da magani wai na gargajiyarsu Ayurveda, kwalba ɗaya an rubuta Ashokarishta, sai wasu ƙwayoyi Rajahpravartini vati, tace matan can shi suke sha jini ya sauko. Yanzu haka wata na biyu kenan ban gani ba. Wlh ina tsoron sha kuma ina jin kunyar ta tambaye ni nace ban sha ba. Ya zan yi?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye kwalbar nan tukuna, ki aika kemis a sayo miki abin gwajin ciki, gobe da asuba ki gwada da fitsarin farko. Matar aure da ta yi ɓatan wata ai ciki ake fara zargi ko da al'adarta ta saba wasa, kuma ƙwayar nan Rajahpravartini aikinta kenan ta koro jini, su kansu masu Ayurveda ɗin sun hana mai ciki shanta. Kin ga in akwai ƙaramin ciki baki sani ba kika ɗirka, Allah ya kiyaye.

Ni ban raina maganinsu ba fa. Tsohon ilimi ne, karatunsa ake yi a jami'a shekara biyar da rabi, gwamnatin Indiya ma ma'aikata guda ta buɗe masa shi da sauran magungunan gargajiyarsu a 2014 mai suna AYUSH. A wajensu abu uku ke juya jiki, vata da pitta da kapha, jinkirin al'ada kuma yawanci suna ɗora shi a kan vata da kapha, wai sun tare hanya. Amma likitansu ba ya miƙo kwalba haka kawai, sai ya taɓa jijiyar hannunki ya duba harshenki ya tambayi cinki da barcinki da bayan gidanki. Ke kuwa ba wanda ya ganki, tsaraba aka yo miki. Ita Ashokarishta ma an fi saninta wajen masu yawan zubar jini, ke kuma naki ƙaranci ne. Sannan duk maganinsu da sunansa ya ƙare da arishta tsima shi ake yi har ya yi ɗan giya a ciki, ki duba jikin kwalbar sukan rubuta, wannan kuma sai ki tambayi malami.

Wani abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙarafa. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi magungunan Ayurveda kala 70 a shaguna suka auna, 14 a ciki akwai dalma ko zaiba ko gubar arsenik. Mu kuwa mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba sai an ba mu labari ba. Ba nace naki na da shi ba, amma da ido ba a ganewa.

Abin da kika lissafa ɗin nan, jinkiri da ƙiba da ƙuraje, ya sa nake zargin abin da likitoci ke cewa PCOS, wato ƙwai ba ya fita a kan lokaci saboda sinadaran jiki sun hargitse. Zargi nace, don matsalar maƙoƙo ma na kawo haka, da hauhawar sinadarin nono, da damuwa, da allurar tsarin iyali ta wata uku-uku in kin taɓa yi, baki faɗa min ba. Lafiyayyar al'ada tsakanin kwana 21 zuwa 35 take zagayowa, taki ta fita daga nan. In gwaji ya nuna ba ciki ki je wajen likitan mata a yi miki sikanin da gwajin jini har da na suga, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ku. Kar ki bari ta cika wata uku, don mahaifa in ta daɗe bata zubar ba bangonta kauri yake yi. Ki tafi da magungunan a jaka ki nuna masa. In kuwa ciwo mai tsanani ya kama ki a gefe ɗaya na mara, ko jiri, wannan a ranar za ki tafi ko da dare ne.

Akwai ɓangaren Ayurveda da za ki iya ɗauka yau ba ko sisi, shi ne na zaman yau da kullum, kuma a nan su da likitan asibiti bakinsu ɗaya. Cin abinci mai ɗumi a kan lokaci, barci da wuri a ajiye waya, tattaki na rabin awa kullum, a rage lemon kwalba da soye-soye da shayi mai suga cokali huɗu. Suna son riɗi da citta da kirfa da hulba, duk gasu a kicin ɗinki, ki yi amfani da su daidai na girki da shayi bayan kin tabbatar ba ciki, banda a tafasa tukunya guda ana sha kamar ruwa. Mai PCOS in ta rage ko kilo 4 zuwa 5 sau da yawa al'adar na fara daidaita.

Ita kuwa yayar maigidan ki yi mata godiya sosai, kice likita yace a fara gwaji tukuna, ba za ta ji haushi ba. Ki samo ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, likita zai nema, lissafin sallarki ma zai yi sauƙi. Ki rubuto min abin da gwajin ya nuna.

Antinku