Amsar tambayarka kan yawan ambaton muƙaloli

Ɗana, ka tambaye ni yadda ake gane gwanin bincike a fanninmu na cututtukan ciki da hanji, ko yawan muƙalolinsa da yawan waɗanda suka kafa hujja da shi sun wadatar. Ka ce ka ga wani mai h-index 40, kai kuma ko muƙala ta biyu ba ka kammala ba, sai jikinka ya yi sanyi.

Fara da sanin abin da lambar take aunawa. Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya, shi ya fito da ita a 2005. In an ce 40, ana nufin mutumin yana da muƙaloli 40 waɗanda kowacce an ambace ta sau 40 ko fiye. Da shekaru take hawa, don haka kada ka gwada kanka da wanda ya yi shekara 30 yana rubutu. A cikin rumbunan da ke ƙirga ambato ma, Google Scholar yakan ba da adadi sama da na Scopus ko Web of Science, saboda ya fi su kwaso abubuwa. Shi kuwa ma'aunin tasirin mujalla na Eugene Garfield, mujallar yake aunawa bisa yawan ambaton abin da ta buga a shekaru biyun baya, ba mutum ba. Wannan ne ya sa masu Sanarwar San Faransisko ta 2012 kan yadda ake auna bincike suka ce a daina yanke wa mai bincike hukunci da shi.

Dubi Robin Warren da Barry Marshall a Perth ta Ostareliya. A lokacinsu kusan kowane likita ya yarda cewa yawan asid da damuwa ne ke kawo gyambon ciki, kuma ƙwayar cuta ba za ta rayu a cikin tumbi ba. Warren yana ganin wata ƙwayar cuta a tumbi, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori, a ƙarƙashin madubin likita, amma a 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu ta ƙi karɓar taƙaitaccen bayaninsu. A 1984 muƙalarsu ta fito a mujallar likitanci ta Lancet, a shekarar ne kuma Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa har tumbinsa ya kumbura. Sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa ba masu gyambon da ke ɗauke da Helicobacter pylori maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kyautar Nobel kuwa sai 2005. Da lambobin Marshall na farkon aikinsa ka duba, da ba ka saurare shi ba.

Ga kuma kishiyar wannan, a fanninmu dai. Muƙalar Andrew Wakefield ta 1998, kan yara 12 kacal, ta danganta rigakafin MMR (na ƙyanda da wasu cututtuka biyu) da ciwon hanji da galahanga. Lancet ta janye ta a 2010. An ambace ta ba adadi, da yawa don ƙaryata ta, amma na'ura duk ƙirgawa take yi. Abin yana min ciwo har yau, don iyaye sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafin ƙyanda saboda ita.

To ni in an ba ni sunan mutum, lambar tana nuna min inda zan fara dubawa ne kawai. Sai in buɗe PubMed, rumbun muƙalolin likitanci na intanet, in ɗauko muƙalolinsa uku ko huɗu. A ina sunansa ya faɗo, farko, ƙarshe, ko tsakiyar mutum hamsin? Bincikensa ne na kansa, ko bitar ayyukan wasu da ƙa'idojin magani, waɗanda dama su suka fi samun ambato? Majinyata nawa, kuma akwai rukunin da aka kwatanta su da shi? Nakan kuma leƙa masu ambatonsa, don wani shi da abokansa ne ke ta ambaton juna.

Yanzu koma kan aikinka. Na karanta daftarin, kuma ban ga inda ka rubuta ko majinyatanka sun sha maganin rage asid irin omefirazol a makonni biyu kafin gwajin numfashi na gano Helicobacter pylori ba, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a makonni huɗu. Waɗannan suna danne ƙwayar, gwaji ya nuna babu alhali akwai. Ka bi fayilolinsu ɗaya bayan ɗaya ka cike wannan gurbin, sannan ka kawo min mu zauna.