Kafin ka ce nozul ne

Jiya bayan la'asar ina wanke hannu ka tare ni, ka ce: "Maigida, wagga Corolla ta ɗan Jega tun da ta shigo kowa ya ji misin take yi, kwamfuta ma ta nuna silinda ta uku. Mi ya hana mu canza nozul tun da safe mu huta, sai da muka wuce azahar muna cire wanga muna mayar da wancan?" Ban amsa maka ba a lokacin, don mai motar yana tsaye, kuma ba na karantar da yaro a gaban mai mota. Yanzu jawo bencin nan ka zauna.

Kwamfuta ba ta ce nozul ba. Abin da ta rubuta shi ne P0303, wato silinda ta uku ba ta cin wuta yadda ya kamata, abin da muke ce wa misin, iyakar maganarta ke nan. Kamar a zo a ce maka gida na uku a layinku yau ba a ɗora tukunya ba. Ba a gaya maka ko icce ne babu, ko ashana, ko hatsi ya ƙare ba. Silinda tana son abu uku: wuta daga fulogi, mai daga nozul, da matsin da fistin ke yi idan ringi da bawul sun riƙe. Kowanne ya kuɓuce, rawar injin iri ɗaya ce, kunne ba ya bambancewa. Da P0203 ta fito, da mun fi kusa, don wannan lambar layin wutar nozul na uku take nufi. Amma ko ita ba rantsuwa ba ce, waya na iya tsinkewa a hanya alhali nozul ɗin lafiyarsa lau.

Shi ya sa na fara da abin da ya fi sauƙin cirewa. A wannan injin na Corolla ƙirar 2004 kowane fulogi da koyil ɗinsa a kai, wato abin da ke ba shi wuta, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi. Ka ga na ɗauke koyil na uku na kai silinda ta ɗaya, na goge lambar, muka tayar. Da ciwon ya bi koyil, da P0301 za ta fito. Bai bi ba, yana nan a uku. Na yi wa fulogi haka, nan ma bai motsa ba. Mintuna nawa wannan ya ci mana? Kuma ko sisin mai mota ba mu taɓa ba.

Akwai abin da na nuna maka ka kalla sama-sama, hankalinka na wurin mai awara. Fulogin na uku da na zaro, bakinsa a bushe yake, ya yi fari-fat, sauran ukun kuwa sun yi ruwan ƙasa-ƙasa, launin da ake so. Fulogi shi ne shaidar da ke kwana a cikin ɗakin. Idan ya fito a jiƙe yana warin fetur, mai na zuwa, ko dai wuta ce babu ko man ya yi yawa. Idan ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, man ya rinjayi iska. Idan ya fito a bushe fari a silindar da ke misin, to tana kwana da yunwa. Tun a nan zuciyata ta karkata ga nozul, amma karkata daban, tabbaci daban.

Sai na ɗauko doguwar sukudireba, na ɗora bakinta a jikin nozul, ƙotar a kunnena, injin na silo. Na ba ka ka saurara, ka ji tik-tik-tik kamar agogon bango. A cikin nozul akwai siririyar waya da aka naɗe, idan wuta ta bi ta sai ta zama maganaɗisu ta ɗaga wata 'yar allura, mai ya fita, wuta ta yanke allurar ta koma ta toshe. Wannan ɗagawa da komawar kake ji. Na uku yana bugawa daidai da 'yan'uwansa, ke nan birenbos, wato kwamfutar da ke jikin motar tana sarrafa injin, na aiko masa da saƙo, shi kuma yana amsawa. Da shiru muka ji, da sai mu cire soket mu sa mita. Irin waɗannan nozul ɗin na fetur idan mita ta auna wayar da ke cikinsu, yawanci suna ba da om 12 zuwa 16, akwai kuma wasu tsofaffi masu om 2 zuwa 5. Ba lambar kaɗai nake dubawa ba, ina duba ko huɗun sun yi kusa da juna. Wanda ya ware daga dangi, ko mita ta nuna babu hanya sam, wayarsa ta ƙone, kuma wannan ba ya wankuwa, sai canji.

Idan mita ta wanke nozul amma ba ya bugawa, koma kan soket. Waya biyu ce: ɗaya tana kawo wutar batir da zarar an murɗa makulli, ɗayar ta birenbos ce, shi ke haɗa ta da ƙasa yana saki. Gwada ta da ƙaramar fitilar gwaji mai cin wuta kaɗan, za ka ga tana ƙyaftawa idan ana buga injin. Kada ka taɓa jona mata babban ƙwan fitila, kuma kada ka ba ta wutar batir kai tsaye don ka gani. Kuɗin birenbos ya fi ƙarfin aljihunka da nawa.

A nan aka taɓa kayar da ni. Ni a kafireta na koyi aiki, zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, lokacin da sukudireba ɗaya da kunne sun ishe ka gyara silo. Da motocin injekta suka fara yawa, wani malamin makaranta ya kawo min tasa tana misin. Ban auna komai ba na ce nozul ne, na sa ya sayo guda huɗu, na ɗaura, na tayar, tana rawarta kamar ban taɓa ta ba. Wani riwaya da ke maƙwabtaka da mu ya zo ya ɗaga wayarin da yatsa ɗaya, sai ga inda ɓera ya gwaguye waya a ƙarƙashi, don motar a kusa da buhunan shinkafa take kwana. Ɗan salatif ya gama aikin. Malamin bai ce min uffan ba, ya dai tsaya yana kallon tsofaffin nozul ɗinsa a cikin tasa. Rabin kuɗin ni na biya, kuma bai ƙara dawowa ba.

To mu koma kan ta jiya. Wuta lafiya, saƙo na zuwa, muka auna matsin silinda ya yi daidai da na sauran, ke nan ba bawul ba ne, ba ringi ba. Sannan ne na buɗe, na sauya wa nozul na uku da na huɗu mazauni. Muka tayar, aka ɗan zaga da ita har hanyar Kalgo aka dawo, kwamfuta ta rubuta P0304. Ciwon ya tashi ya bi shi sabon ɗaki. A nan ne kawai bakina ya iya cewa nozul ne.

Za ka haɗu da motocin da ba su da wurin jona irin wannan kwamfutar. A Amurka daga 1996 aka wajabta soket ɗin, a Turai kuwa sai 2001 ga masu fetur, kuma mu nan tsofaffin da suka girme wa wannan suna nan suna lodi a tasha. A irinsu, bar injin a silo ka riƙa zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare injin ya ƙara sanyi, wannan silindar tana aiki. Wanda ka zare ba abin da ya canza, can matsalar take. Golf 3 mai 1.8 kuwa da yawansu nozul ɗaya tak gare su a saman totur, yana ciyar da duka huɗun, don haka idan silinda ɗaya ce kaɗai ke misin ba shi za ka fara tuhuma ba. Su ne ake yawan cirewa a ɗora kafireta. Ni ba na so, sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne, haƙurin nemansa ne babu, daga baya direba ya zo yana kukan shan mai.

Na jiya toshewa ya yi. Akwai kishiyarsa, mai yoyo, wanda allurarsa ba ta rufewa, yana ɗiga ko an kashe mota. Alamarsa: mota ta yi zafi, ka kashe ka shiga masallaci, ka fito ta ƙi tashi sai da dogon bugu, ta tashi da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur a salansa. Zaro gejin baƙin mai ka sansana, idan ya tsinke yana warin fetur to ya daɗe yana yi. Wannan ya fi mai toshewa mugunta, don fetur yana wanke maiƙon da ke bangon silinda, ringi ya riƙa goga a bushe. Idan ka canza irinsa, ka juye baƙin mai a ranar.

Yanzu cirewa, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Man da ke cikin bututun nan a matse yake. Tayar wannan motar iskar kusan 30 ya kamata mai faci ya ba ta, ko da yake namu na nan sai sun ga ta yi tauri kamar dutse. Man kuwa a ma'auni iri ɗaya yana kai 44 zuwa 50. Ka kwance haka kawai, a idonka zai sauka. Cire fiyus ko soket na famfon mai, ka tayar, ka bar ta ta shanye abin da ya rage ta mutu da kanta. Sannan ka cire kan batir na ƙasa. Injin ya huce, mai sigari ya yi nisa, mai walda ya dakata. Kafin ka zare komai hure ƙurar da ta taru a gindin nozul, musamman yanzu da hunturu, don duk abin da ke nan ramin zai faɗa. Idan ka kwance notin sandar da ke raba musu mai, wadda muke ce wa rel, akwai 'yan robobi masu tauri a ƙarƙashinta da take zama a kai. Ƙirga su kafin ka ɗaga, suna son faɗawa inda hannu ba ya kai. Ɗaga rel a miƙe, ka sa tsumma, ka toshe ramukan da tsumma mai tsabta.

Wanki yana yi wa mai toshewa wani lokaci. A samansa akwai ɗan mitsitsin rariya, a canza shi idan an samu. A fesa maganin wanke kafireta ta sama ana ba shi wuta taɓa-saki, taɓa-saki, ba a riƙe ba, don riƙewa na ƙona wayar. Na ga yara suna tsokane bakin da allura ko wayar birki. Ramukan nan an auna su ne, ka buɗa su ka mayar da shi mai ambaliya. Lafiyayyen nozul feshi yake yi kamar hazo. Namu bayan wanki biyu yana tsartuwa ta gefe ɗaya kamar buta mai tsaga, shi ya sa na ce a sayo. Nozul ɗin dizal kuma wata duniya ce, feshinsa na huda fata, kada ka kai hannu, ranarsa daban.

Wajen saye, kada ka aika da baki, kada ka ce "mai launi kaza". Tafi da tsohon a aljihu. A jikinsa akwai lamba, na Toyota tana farawa da 23250, sauran lambobin da ke biye su ne za su yi daidai. Biyu na iya shiga rami ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya zubar da mai, birenbos kuwa ba ya gani, lokacin buɗewa ɗaya yake ba su duka. Ni na fi yarda da na Baljiyam na asali da aka gwada a gabana a kan sabo fil a kwali mai arahar da ta wuce hankali. Idan babu a nan Birnin Kebbi, a aika Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, mota ta kwana biyu ba ta mutu ba.

Robar zobe sabuwa za ka sa, sama da ƙasa, ko da tsohuwar ta yi maka kyau a ido. Shafa mata ɗan fetur ko ɗigon mai mai tsabta, ka murza nozul ɗin a hankali yana shiga, ba dannawa da ƙarfi ba. Idan ya zauna ka juya shi da yatsa. Ya juya sumul, robar ta zauna. Ya cije, ta naɗe, fitar da shi ka sake. Bayan ka ɗaure, mayar da fiyus da batir. Wasu motoci famfonsu na tashi da murɗa makulli, wasu sai an buga. Tana tashi ka sunkuya da tocila ka duba wuyan kowane nozul, ka bi da busasshen yatsa, ka sansana. Ɗigo ɗaya ka gani, kashe.

Saura abin da ya sa na hana ɗan Jega tafiya da motarsa jiya, har ya ɓata rai. Ruwa ba ya tsami banza. Rariyar nozul ɗin da muka cire cike take da jan gari kamar tsatsa, kuma daga tanki ya taso. Motar tana bin hanyar Kamba, kuma tun 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 da iyaka, direbobin wannan hanya suka saba da man jarka da mazurarin da ke kwana a ƙasa. Daga 2023 da aka cire tallafi kuma kowa lita biyar-biyar yake sha, allurar gejin mai kullum a ja, famfo na tsotsar gindin tanki, ga shi man ne ke sanyaya shi. A wannan Corolla tacen man yana cikin tanki tare da famfo, shi ya sa ba wanda ke tunawa da shi. Mu ɗaura nozul mu sallame shi haka, kafin wata ya zagayo zai dawo da wata silindar, ya ce aikinmu ne bai yi ba.

Gobe da safe kai za ka ɗaga kujerar baya ka fito da famfon, ni ina kallo. Ka zo da farar roba mai tsabta mu zuba man mu ga abin da zai kwanta, kuma ka karɓo mana tocilan da yaron mai fenti ya ara tun ranar Talata.