Hanta ta yi tabo, ciki ya fara tara ruwa: in tafi gida ko in dakata?

Tambaya: Shekara tara ina tuƙin motar raba kaya a ƙasar waje. Likita ya ce ciwon hanta nau'in B ya sa hantata ta yi tabo ta taurare, ga ruwa ya fara taruwa a ciki. Ina so in je gida wata uku wajen mahaifiyata, in ɗan huta da shan ƙwayoyi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Zuwa ganin Hajiya ba laifi, amma maganar hutawa da magani ka fitar da ita daga ranka. In tenofovir ko entecavir kake sha, ajiye shi kan sa ƙwayar cutar ta taso da ƙarfinta, hantar da ta riga ta jigata ta kasa baki ɗaya.

Ruwan nan ba ƙaramin saƙo ba ne. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike 118 ya nuna cewa kafin ruwa ko aman jini su bayyana, rabin masu tabon hanta kan rayu fiye da shekara 12, bayan sun bayyana kuwa lissafin kan sauko kusan shekara 2. Kada gabanka ya faɗi: an sha ganin waɗanda ruwan ya janye bayan an danne ƙwayar cutar. To ka ga muhimmancin maganin naka.

Kafin ka sayi tikiti, tambayi likita ko an leƙa maƙogwaronka da na'ura. Tabon yakan tare hanyar jini, jijiyoyin wurin su kumbura, in ɗaya ta fashe sai aman jini ko bayan gida baƙi kamar kwalta. Akwai ƙwaya irin carvedilol da ke rage haɗarin, akwai kuma ɗaure jijiyar da roba. Zazzaɓi da ciwon ciki ga mai ruwa a ciki, asibiti ne a ranar. Ka rage gishiri sosai, ka nisanci ibuprofen da diclofenac, suna kayar da ƙoda. A gida kuma kowa zai zo maka da nasa jiƙon; ka yi godiya, kada ka sha.

Tuƙin ne ya fi damuna. In hanta ta gaza tace jini, guba kan hau kai: barci da rana, ido biyu da dare, mantuwa, ka miƙa hannu ka ga tafin yana faɗuwa yana tashi kamar fiffike. Mai shi ba ya lura, na kusa ke gani. Da ka ji an ce ka canza, ajiye makulli ka gaya wa likita. Wani magani da ake kira lactulose na taimakawa.

Sai takardu. Ka karɓi wasiƙar likita da sakamakon gwaje-gwajenka, da maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, a jakar hannu. Ka bincika tsawon zaman waje da takardar zamanka da inshorar lafiya suka yarda da shi, kada kuma hoton hanta na kowane wata shida ya wuce ka. Ni da za ka ji tawa, sati uku ya wadatar. In ka isa, ka kai Hajiya da ƙannenka da iyalinka gwaji. Wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa rigakafi.