Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Hana Gwamnati Ta Buga Kuɗi Ta Biya Bashi?

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce, shekarata 14 ina koyarwa. Kullum sai mu ji an ce bashi ya yi wa ƙasa katutu, kasafin kuɗi da giɓi, babu halin ƙarin albashi. To, ba gwamnati ce ke da injin buga kuɗi ba? Me ya hana ta buga ta biya bashin, ta sallami ma'aikata, kowa ya huta? Sannan an ce hauhawar farashi ta fara sauka, ni kuwa ban ga abin da ya sauka ba. Yaushe za mu gani a ƙasa?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri. Tambayarki ta sa na buɗe wani tsohon littafina na ɗauko takardar kuɗin da nake adanawa a tsakiyarsa. Ta Zimbabuwe ce, dalar ƙasar tiriliyan 100: lamba 1 da sifiri 14 a bayanta, ga hoton duwatsu uku ɗaya bisa ɗaya a fuskarta. A watan Janairun 2009 aka fitar da ita. Duk wanda na miƙa wa sai ya sa yatsa yana ƙirga sifirin, ya ɓata, ya sake farawa. Kafin wannan takarda, babban bankin ƙasar ya yanke sifiri 3 daga kuɗinsu a 2006, ya yanke 10 a 2008, bayanta kuma ya yanke 12. Duk bai yi magani ba. A cikin 2009 ɗin suka ajiye kuɗinsu suka koma ciniki da dalar Amurka da kuɗin Afirka ta Kudu. Abin da ya kai su nan shi ne noma ya durƙushe, kuɗin shiga ya ragu, gwamnati kuma ta mayar da injin buga kuɗi wurin cike giɓi.

Ki ɗauki ajinki misali. Kina da littafi 20, kika raba wa yara tikiti 20, kowane tikiti littafi guda. Gobe sai kika ƙara buga tikiti 20 don ki faranta wa sauran yaran. Littattafan ba su ƙaru ba. Yanzu sai mai tikiti biyu ne zai sami littafi, yaron da ya ɓoye tikitinsa tun jiya kuwa an cinye masa rabi ba tare da an taɓa aljihunsa ba. Wannan yaron shi ne ke, shi ne ɗan fansho, shi ne duk mai jiran ƙarshen wata. Mai gida ko fili ko kayan sayarwa zai ɗaga farashi ya tsira. Mai albashi ba shi da inda zai ɗaga. Shi ya sa nake ɗaukar buga kuɗi don cike giɓi a matsayin haraji mafi zalunci, domin majalisa ba ta zauna a kansa ba, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa biyansa.

Akwai kuma bashin da injin ba ya iya biya ko da an so, wato wanda aka ci da kuɗin waje. Babu ƙasar da ke buga dalar Amurka sai Amurka. In ta buga nata don ta sayi dala, darajar nata ta faɗi, bashin ya ƙara nauyi. Ki dubi Siri Lanka. A ƙarshen 2019 gwamnati ta rage harajin sayen kaya daga kashi 15 zuwa 8 cikin 100, sai ga annobar korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido da ke kawo musu kuɗin waje. Babban banki ya yi ta bugawa, asusun kuɗin waje ya yi ta ƙafewa, ruwan bashi kaɗai yana cinye fiye da rabin abin da gwamnati ke tarawa. A Afrilun 2022 suka ce ba za su iya biyan bashin waje ba, mutane na kwana a layin mai, a Yuli shugaban ƙasa Gotabaya Rajapaksa ya tsere. Gana ma ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar wannan shekarar, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma fitowa sai an wahala.

Na san wani zai ce ai Amurka ma tana bugawa. Gaskiya ne, kuma bashinta da dalarta take ci, wanda gata ne da ƙasashe da yawa ba su da shi. Amma ko ita, bayan kuɗin da ta zuba lokacin korona da tsadar makamashi da ta biyo baya, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, dole babban bankinta ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5.

Ɗaga kuɗin ruwan nan magani ne mai ɗaci, ba zan ɓoye miki ba. Rance yana tsada, masana'antu na rage ma'aikata, ita kanta gwamnati ruwan bashinta na cikin gida yana ƙaruwa. Turkiyya ta gwada kauce masa: daga 2021 ta riƙa sauke kuɗin ruwa alhali farashi na hawa, daga kashi 19 har zuwa 8.5. Hauhawar farashi ta kai kashi 85 a Oktoban 2022, daga baya sai da suka ɗaga kuɗin ruwan har kashi 50 a Maris na 2024.

Game da saukar da ba ki gani ba, idonki bai yi miki ƙarya ba. Abin da ake sayarwa 100, in hauhawa ta kai kashi 30, ya zama 130. Baɗi in ta sauka zuwa kashi 15, zai zama kusan 150. Gudun ne ya ragu, ba a juyo baya ba, kuma da wuya a juyo. Sauƙin da za ki iya samu shi ne albashinki ya riƙa ƙaruwa fiye da yadda farashi ke ƙaruwa, shekara bayan shekara, har ya kamo abin da ya suɓuce. A nan ne raina ke ɓaci da masu mulki da yawa. Suna gaggawar janye tallafi da ƙara haraji saboda a takarda kawai ake yin su, amma toshe ɓarna, da karɓar haraji daga manyan da ke zillewa, da gyara wutar lantarki da hanyoyi don littattafan nan 20 su zama 40, sai a yi ta jan ƙafa. Bashi hanji ne, yana cikin kowace ƙasa, ban ga laifin cinsa ba in za a gina abin da zai biya kansa. Wanda nake tsoro shi ne wanda ake ci don a biya ruwan na baya.

Ranar da aka gabatar da kasafin kuɗi na gaba, kada ki tsaya kan jimillar da ake ta yayatawa. Ki nemi abin da aka ware wa biyan bashi, ki gwada shi da kuɗin shigar da aka tara a zahiri bara, ba wanda ake fatan tarawa ba. Sannan ki duba ko asusun kuɗin waje yana ƙaruwa. In kason bashin ya ragu shekara biyu ko uku a jere, to, an fara samun sararin da za a yi maganar ƙarin albashin da farashi ba zai haɗiye shi cikin wata shida ba, kuma lokacin ne ya kamata ƙungiyarku ta malamai ta je teburin tattaunawa da waɗannan alƙaluma a hannu.