Me ya sa ake kashe kuɗi wajen gyara tsohuwar mashaya a Ailan?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa hukumar adana kayan tarihi za ta zuba kuɗi a gidan giya. Ginin ake karewa, da aikin hannun da ke cikinsa.

Duba Crown Liquor Saloon da ke titin Great Victoria a Belfast, Ailan ta Arewa. An fara buɗe wurin da sunan Railway Tavern, amma kamannin da ya yi suna da su na 1885 ne, lokacin da Patrick Flanagan, ɗan mai wurin, ya sake fasalinsa. Magina 'yan Italiya da suka zo aikin coci-coci ya ɗauka, suna yi masa aiki bayan sun tashi daga nasu. Shi ya sa za ka ga tayil mai zane, gilashi mai launi da sassaƙen katako irin na wurin ibada. Akwai ƙananan ɗakuna 10 masu ƙofa da ƙararrawar kiran ma'aikaci, don masu son zama ba a gan su ba. Har yau fitilun gas ke haska ciki.

Wurin ya sha wuya a zamanin rikicin Ailan ta Arewa, domin yana fuskantar otal ɗin Europa da aka yi ta dasa wa bam. National Trust, ƙungiyar adana kayan tarihi ta Birtaniya, ta saye shi a 1978 ta gyara, aka sake wani gyaran a 2007. Abin da ya burge ni shi ne ba su mayar da shi gidan tarihi na kallo kawai ba, har yanzu yana aiki.