Tambaya da Amsa: Ciwo Ya Kwantar da Ni, Ko Masu Karatuna Za Su Jira Ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ina yi miki fatan alheri tare da iyalinki. Shekarata 29, kuma an haife ni da cutar sikila. Shekara biyar ke nan ina rubutu a intanet a kan girke-girkenmu na gida da dabarun adana abinci, kamar busar da tumatir da kuɓewa, da yadda ake dambun nama ya daɗe bai lalace ba. Da can ina fitar da rubutu biyu a kowane mako ba fashi. A hunturun da ya wuce ciwon ya tashi mini sau uku a jere, na yi kusan mako bakwai tsakanin gadon asibiti da ɗakin mahaifiyata, ko waya ba na iya riƙewa saboda ciwon gaɓoɓi. Da na samu sauƙi na duba alƙaluman masu karanta rubutuna, sai na ga masu zuwa daga Facebook sun ragu ƙwarai, amma waɗanda Google ke kawowa suna nan kusan yadda na bar su, kuma yawancinsu tsofaffin rubuce-rubuce uku kawai suke karantawa.

Wani ya ce mini Google yana hukunta duk wanda ya daina rubutu, don haka in tilasta wa kaina ko ina kwance. Shin gaskiya ne? Sannan ina so in gaya wa masu karatuna abin da ke damuna, amma mahaifiyata ba ta so, tana gudun surutun mutane, musamman da yake ban yi aure ba. Wata ƙawata kuma ta ce in bar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa rubuta mini idan ba ni da lafiya. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da jiki ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ya kuma saka wa mahaifiyarki da alheri a kan jinyar da ta yi.

Alƙaluman da kika kawo sun riga sun amsa rabin tambayarki, domin sun nuna cewa masu karatunki kashi biyu ne. Akwai baƙon da ya shigo kasuwar Sabon Gari yana tambayar inda ake sayar da daddawa mai kyau, aka nuna masa rumfarki, ya saya ya tafi bai ko san sunanki ba. Akwai kuma wanda ya saba zuwa wurinki, wanda in ya tarar da rumfa a rufe zai tambayi maƙwabta ko lafiya. Na farko shi ne wanda Google ke kawowa, na biyu shi ne wanda ya san muryarki, kuma hanyar riƙe kowannensu daban ce.

Maganar da aka gaya miki game da hukunci ba daidai ba ce. Google yana da wata manhaja, Googlebot, wadda ke yawo a intanet tana karanta abin da aka wallafa tana ajiye bayaninsa a wani katafaren rumbu. Idan mutum ya rubuta tambaya, daga wannan rumbun ake zaƙulo abin da ya fi dacewa da ita. Ma'aikatan kamfanin sun sha bayyana cewa yawan fitar da rubutu a kai a kai ba shi ne ma'aunin ɗaga mutum ko sauke shi a sakamakon bincike ba. Sabon rubutu yana da fifiko ne a inda tambayar kanta ke neman sabon abu, kamar farashin dala ko sakamakon jarrabawa ko labarin da ke faruwa yau. Amma yadda ake dambun nama bai canza ba tsakanin bara da bana, shi ya sa rubutunki ya ci gaba da yi miki aiki kina kwance. Abin da kan sauke tsohon rubutu shi ne wani ya zo ya yi wanda ya fi shi bayani, ko hotuna su daina buɗewa, ko kuɗin adireshin intanet ya ƙare ba a sabunta ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tsoro ga mai jinya, domin adireshin haya ne da akan biya shekara-shekara, kuma in wa'adi ya wuce da nisa wani na iya saye shi, aikin shekara biyar ya ɓace wa masu nema. Ki biya na shekara biyu ko uku gaba ɗaya in da hali, ki kuma ajiye kwafin duk abin da kika rubuta a wani wuri dabam.

Facebook kuwa tsarinsa ba haka yake ba. Abin da aka sa yau shi yake nunawa, na makon jiya ya nutse ƙasa, kuma tun watan Janairun 2018 kamfanin ya sanar cewa zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na masu yaɗa rubutu da kasuwanci. Raguwar da kika gani a can ba alama ce ta cewa mutane sun guje ki ba. Yawancinsu ba a nuna musu komai daga gare ki ba ne kawai.

Waɗannan rubuce-rubuce ukun da kika ambata su ne dukiyarki, kuma da ni ce ke, a kansu zan kashe ɗan ƙarfin da nake da shi kafin in fara sabo. Google yana da wata ma'ajiya ta kyauta mai suna Search Console, wadda ke nuna wa marubuci ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso gare shi, har na tsawon wata 16 baya. Ki zauna da ita wata rana da jikinki ya yi daɗi. Za ki iya tarar da cewa wasu sun zo ne suna neman kwana nawa dambu ke yi kafin ya fara wari, ko wane ɓangaren nama ya fi dacewa, alhali ba ki taɓo wannan ba. Ƙara sakin layi biyu da ke amsa irin waɗannan tambayoyin aikin rabin awa ne, kuma ya fi sabon rubutun da aka yi a gaggauce amfani. Ki lura kuma da yadda Hausawa ke rubutu a waya: da yawa ba sa sa ƙugiya, za su rubuta kubewa a maimakon kuɓewa, hada a maimakon haɗa. Ban ce ki ɓata rubutunki don ki bi su ba, domin ƙa'idar rubutu amana ce a hannun marubuci. Ki gwada neman kalmar da kanki ta fuska biyun, ki ga abin da ke fitowa, sannan ki zaɓi kanun da ya yi kama da yadda mai tambaya zai yi magana, irin su yadda ake kaza da kaza. Ki sa a ranki kuma cewa tun watan Mayun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta na'ura a saman sakamakon bincike, abin da ya sa wasu masu nema ba sa ƙarasawa wurin marubucin. Idan wata rana alƙaluman suka sauka, kada ki yi saurin ɗora laifin a kan ciwonki.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina. Kin san jikinki fiye da ni, amma bari in tuna miki cewa jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kwana 120, na mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa. Gajiyar da kike ji ba lalaci ba ce, jiki ne ke aiki da jinin da bai ishe shi ba. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da wahala, da damuwa, duk suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Wanda ya ce ki tilasta wa kanki rubutu kina kwance yana tura ki ne ga biyu daga cikinsu, wato wahala da damuwa, kuma ban yarda da shawararsa ba ko kaɗan. Ke da kike koya wa mata su busar da tumatir lokacin da yake araha don su ci lokacin tsada, ki yi wa rubutunki irin wannan tanadin. A watannin da jikinki ya fi sakewa ki rubuta fiye da abin da za ki fitar, ki tara shida ko takwas, ki saita su su riƙa fita da kansu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ki shirya na kunu da kayan buɗa-baki tun watan Sha'aban, na dambu da kilishi tun kafin Babbar Sallah ta ƙarato. Rubutu biyu a mako kuma ki sauke shi zuwa biyu a wata ba tare da jin kunya ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A ranakun da yatsu ke ciwo amma kai na aiki, ki gwada rubutu da murya, domin a watan Oktoban 2024 Google ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da manhajar Gboard, wato allon rubutu na waya, ke iya ji ta mayar rubutu. Za ki gyara kurakuransa daga baya. Maganar magunguna kuwa, irin su folik asid da na rigakafin maleriya da hydroxyurea, wannan tsakaninki ne da likitanki, sai dai ki je masa kafin hunturu ya shigo, ba bayan ciwo ya tashi ba.

Game da bayyana ciwon, tsoron mahaifiyarki yana da tushe. Duk da cewa Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayarwa ya nuna ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a kowace shekara, har yau akwai masu yi wa mai ita kallon da bai dace ba, kuma abin da aka sa a intanet ba ya dawowa. Sirrin jikinki naki ne, babu mai karatun da yake bin ki bashin sunan cutar. Abin da yake bin ki shi ne kada ki ɓace masa shiru. Layi biyu sun isa: ba ki da lafiya, za ki dawo in Allah ya yarda, a sa ki a addu'a. Mu mutane ne da suka ɗauki gaida marar lafiya a matsayin haƙƙi, kuma za ki ga waɗanda ba su taɓa yi miki magana ba sun aiko da sannu. Ki rubuta wannan saƙon tun yanzu da kike da lafiya, ki damƙa shi ga ƙanwa ko aminiyar da kika yarda da ita, ta fitar da shi ranar da ba za ki iya ba. Kada ki sa ranar dawowa a ciki, domin ranar za ta zame miki wani nauyin. Idan daga baya kika ga kina so ki faɗi sunan cutar don wasu su amfana, ki fara shawo kan mahaifiyarki cikin ladabi, ki yanke shawarar a lokacin da ba ki cikin zafin ciwo, kuma ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa cutar sikila tun 2008, dama ce mai kyau. Ki shirya wa masu tallan maganin da za su ce yana warkar da sikila ɗungurungum, domin za su zo, kuma kada ki sha komai ba da sanin likita ba.

Shawarar ƙawarki ta barin manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa rubuta miki ban goyi bayanta ba. Google ya ce a 2023 ingancin rubutu yake dubawa ba yadda aka samar da shi ba, amma a watan Maris na 2024 ya tsaurara ƙa'ida a kan masu tara tarin rubutu marar amfani don jan masu bincike kawai. Ko ba don wannan ba, girki abu ne na gwaji. Na'ura ba ta taɓa tsayawa a gaban murhu ba, za ta iya ba da awon gishiri ko lokacin suya da ba daidai ba, wata baiwar Allah ta ɓata naman layyarta da sunanki a kai. Idan kina neman wanda zai riƙe miki wuri, ga mahaifiyarki nan kusa da ke. Ki ɗauki muryarta tana bayanin yadda ake miyar da ta gada daga tata uwar, ƙanwarki ta mayar da shi rubutu, a faɗa wa masu karatu cewa na Mama ne. Ina kyautata zaton in ta ga yadda mutane suka karɓi girkinta, hirarku a kan maganar bayyana ciwon ma za ta fi sauƙi. Ki gaishe mini da ita, ki kuma rubuto mini bayan hunturu in ji yadda jikin ya kasance.