Tambaya da Amsa: Ɗan ƙanwata da nake riƙo zai iya samun fasfon Amurka ta hanyata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, dan Allah shawara nake nema. Na zauna a Houston shekara 11, can nayi karatu nayi aiki har na zama ƴar ƙasa, daga baya muka dawo Abuja saboda aikin maigida. Yarana biyu duk suna da fasfon Amurka. To akwai ɗan ƙanwata da ta rasu, tun yana shekara 6 yake hannuna yanzu yana 13, babansa yana nan da rai ya ƙara aure amma shi da bakinsa ya bani shi a gaban iyayenmu. Yaron nan Mama yake ce min, duk sanda zamuyi tafiya sai dai mu kaishi gidan kakarsa yana kallon ƙannensa suna haɗa kaya, wallahi abin yana cina. Wani yace kawai in sa a yi masa sabuwar takardar haihuwa da sunana da na maigida in kai ofishin jakadanci. Ya zanyi?
Daga wata ƴar'uwa a Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah Ya jiƙan ƙanwarki Ya saka miki da alherin riƙon maraya. Bari in fara da shawarar da aka baki saboda ita tafi tayar min da hankali. Dan Allah kar ki soma. Takardar da ake ba ɗan Ba'amurke da aka haifa a waje, wadda suke kira CRBA, ta ɗan da kika haifa ce, kuma yaro mai shekara 13 da aka zo dashi riƙe da takardar haihuwa sabuwa fil alhali ƙannensa an musu tasu tuntuni, ai ko ke ce ma'aikaciyar sai kin ɗaga ido. Zasu tambayi katin awon ciki, takardar asibiti, su buɗe fasfonki su ga ina kike a watan da aka haifeshi, in basu gamsu ba su nemi gwajin DNA, shi kuwa gwajin nan yana bambance uwa da yayar uwa. In ƙarya ta fito ke laifi ne babba a dokarsu, shi kuma an ɓata masa fayil tun bai san komai ba.

Hanyar gaskiya tana nan. Akwai dokar da Amurka tayi a shekarar 2000 ta fara aiki 27 ga Fabrairun 2001, a ƙarƙashinta ne iyaye Amurkawa mazauna waje suke cike fom mai suna N-600K su aika hukumar shige da fice da ba da zama ɗan ƙasa ta Amurka, wato USCIS, don yaro ya zama ɗan ƙasa ba sai iyali sun tattara sun koma can ba. Ta ɓangarenki baki da matsala, ana so ne ace kin zauna cikin Amurka shekara 5, biyu daga ciki bayan kin wuce shekara 14, ke kuma kinyi 11. Ki dai nemo shaida, takardun haraji, na makaranta, na albashi, duk ki haɗa su wuri ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shine kalmar riƙo. A wajenmu uba ya ce "na baki shi" a gaban manya magana ta ƙare, kuma wallahi riƙo ne na gaske, ke kike kwana dashi in zazzaɓi ya kamashi ke kike biyan kuɗin makaranta. Amma dokar can bata san wannan ba. Abinda ta sani shine hukuncin kotu da ya mayar da yaro ɗanki a shari'ance, wato adofshin cikakke, kuma dole ayi shi kafin ya cika 16. Bayan nan sai ya zama ya zauna tare dake shekara 2, kuma yayi shekara 2 a hannunki bisa umarnin kotu ko hukuma. Zaman tare kin riga kin samu, ki adana rasit ɗin makaranta da katin asibiti da ke nuna ke ce mai kula dashi. Amma ɗayan lissafin baya farawa sai ranar da alƙali ya sa hannu, shekara bakwai ɗin nan da kikayi ba takarda basa shiga. Takardar kafala ko ta waliyyanci da kotu zata bayar tana iya fara ƙirga miki shekara biyun, sai dai ita kaɗai bata isa ba, basa ɗaukarta a matsayin adofshin.

To kinga lissafi. Ace kotu ta gama yana 14, sai yakai 16 kafin shekara biyun su cika, sannan ki aika fom ki jira su sa ranar ganawa, ki nema masa bizar ziyara, ku shiga Amurka tare yayi rantsuwa a ofishinsu, duk wannan kafin ranar da zai cika 18. In ranar ta wuce ko da kwana ɗaya ne wannan ƙofar ta rufe. Ga biza ma yanzu ba kamar da ba, a watan Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta ƴan Najeriya shiga ɗaya ta wata uku, kuma tun daga nan ana ta ƙara matsewa, dan haka ki riƙa duba shafin ofishin jakadancin da kanki kar ki dogara da ejan.

A nan gida kuma maganar ta jiha ce. A Abuja dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ake bi, ana farawa daga sashen jin daɗin jama'a su zo su ga gida su rubuta rahoto sannan kotun iyali ta yanke hukunci, kuma ƴan Najeriya ne dokar ta yarda su ɗauki yaro, ke kuwa haifaffiyar nan ce fasfon Amurka bai cire miki naki ba. Najeriya bata cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe, kuma Amurkawa suna bin takardun da suka fito daga nan da ido sosai, shiyasa nake roƙonki ki ɗauki lauyan da ya taɓa yin irin wannan aikin kafin ki shigar da komai.

Abinda yafi nauyi a wajena shine babansa. Ba'a yi sai da sa hannunsa, kuma ya kamata a gaya masa gaskiya ƙarara cewa a idon doka haƙƙinsa na uba zai koma hannunki, kar a miƙa masa takarda ace "ta makaranta ce". A zauna da dangin uban, kakanni da baffanni, tunda su ma nasu ne. Sannan ga addini, kin san Suratul Ahzab aya ta 4 da ta 5 ta soke tabanni, wato mayar da ɗan wani ɗanka har a jingina maka nasabarsa, ta ce a kira yara da sunan ubanninsu, har Zaidu ɗan Harisa aka daina jinginashi ga Manzon Allah (SAW). Dokar Amurka bata ce dole ki canza masa sunan uba ba, kuma akwai malaman da suka ga babu laifi ayi takardar kotu don maslahar yaro matuƙar ya san asalinsa, ba'a taɓa nasabarsa ba, gado kuma ya tafi yadda shari'a ta tsara, in kina son bar masa wani abu sai ta wasiyya cikin sulusi ko kyauta tun kina raye. Wasu kuma basu yarda ba sam. Ki je wajen malamin da kika amince da iliminsa ke da maigida, ku karanta masa ainihin abinda hukuncin kotun zai ƙunsa, kar ku tsaya a "malam ya halatta in riƙe maraya?" domin wannan amsarta kowa ya sani.

In kuma akwai yiwuwar ku koma Amurka da zama kafin ya kai 18, to hanyar daban ce, fom I-130 zaki cike ya shiga da bizar zama, yana sauka a hannunki ya zama ɗan ƙasa kai tsaye. Ita ma dai sai da hukuncin kotun nan kafin 16 da shekara biyun, dan haka ko wacce zaki bi, maganar babansa da ta lauya a fara ta cikin watan nan.